Kalmar insinuate: tambayoyi da amsoshi kan habaicin Bature

Na daɗe ina koyar da Turanci, da safe ga yara masu shirin WAEC da JAMB, da yamma kuma ga ma'aikata masu son gyara rubutunsu na ofis. Akwai 'yan kalmomin da duk shekara sai an tare ni da su, kuma insinuate tana sahun gaba. Ba wuyar ma'ana gare ta ba. Matsalarta ita ce tana da ƙaya, kuma ƙamus ɗin aljihu ba ya nuna maka inda ƙayar take. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da yadda nake amsa su.

Mene ne ma'anar insinuate?

Ka jefi mutum da mummunar magana a kaikaice, yadda kowa zai gane inda ka dosa, amma in an ritsa ka kana da hanyar cewa ai ba haka ka ce ba. Abu uku ke cikinta: maganar ba ta alheri ba ce, ba a fito da ita ɓaro-ɓaro ba, kuma mai maganar da gangan ya bar wa kansa ƙofar gudu.

Ɗauki misalin taron ƙungiya. Kuɗin asusu bai cika ba, sai wani ya gyara zama ya ce, "Masha Allah, na ga ma'aji ya sake mota a watan nan." Bai ce an yi sata ba. Bai ma ambaci asusu ba. Amma duk wanda ke wurin ya ji abin da aka faɗa. In za a ba da labarinsa da Turanci sai a ce: He insinuated that the treasurer had stolen the money.

Wace kalmar Hausa ce ta fi kusa da ita?

Habaici, sai shaguɓe da gugar zana. A nan Bahaushe ya fi Bature kayan aiki, domin mun rarrabe abin har ƙananan rassansa. Habaici shi ne na uwargida da ke daka a tsakar gida tana waƙa, ko tana yi wa kaza faɗa a kan shiga ɗakin da ba nata ba, alhali amarya na bakin murhu tana ji. Ba a kama suna, shi ya sa ake cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Gugar zana kuwa a gabanka ake yi, a goge ka da magana a wuce kamar ba a yi ba. Shaguɓe yana tsakani, sau da yawa da murmushi ake sako shi.

Sai dai akwai ɗan bambanci da ya kamata a riƙe. Habaici yakan ɓoye wanda ake nufi. Insinuate kuwa ta fi ɓoye abin da ake nufi. A misalin ma'ajin nan, an san da wa ake, zargin ne aka lulluɓe. Don haka wani lokaci fassarar da ta fi zama daidai ita ce "ya yi masa zargi a fakaice" ko "yana neman ya ce". In mutum ya ce Are you insinuating that I lied? abin da Bahaushe zai ce shi ne, "Wato so kake ka ce ƙarya na yi?"

Abin da ba ita ba ne shi ne hannunka-mai-sanda. Wannan jan hankali ne na mai ƙauna, wanda ya hango maka rami ya kasa faɗa a gaban mutane. Kalmar da ta dace da shi ita ce hint.

Ke nan ba a amfani da ita a kan abin kirki?

Kusan ba a yi. Wannan ce ƙayar da na ambata, kuma a nan mutanenmu suka fi taka ta.

Wata shekara wani ɗalibina na yamma, akawu ne a wata ma'aikata, ya kawo mini kwafin takardar da ya rubuta wa shugabansa yana neman a tura shi kwas. Ya riga ya miƙa ta, kuma tun ranar maigidan ya daina amsa gaisuwarsa da fara'a. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini, ko akwai inda na yi rashin ladabi." Takardar tsaf take, da "ranka ya daɗe" irin na Turanci a sama da ƙasa. Sai a tsakiya na ci karo da wannan: As you insinuated during our last meeting, staff will be sponsored for training. Shi a ransa yana nufin "kamar yadda ka ɗan nuna mana alama". Abin da ya rubuta kuwa shi ne "kamar yadda ka yi mana shaguɓe". Ya ɗauki alkawarin alheri ya mai da shi makirci, kuma ya liƙa wa shugabansa halin mai magana biyu. Na ce masa ya sake rubutawa da As you mentioned ko As you indicated. Ya riƙe baki ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi fa a ƙamus ya ga an fassara ta da suggest. Ƙamus bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa.

Ka riƙe wannan: duk wanda ya ce wani ya yi insinuate, shi ma zargi yake yi. Yana cewa mutumin ya yi suka, kuma bai yi ƙarfin halin fitowa fili ba. Shi ya sa ba za ka taɓa jin mai hankali ya ce I insinuated a kan kansa ba, sai dai in musu yake: I never insinuated anything.

Yaya ake furta ta?

Gaɓa huɗu ce: in-SIN-yu-et, a danna gaɓa ta biyu, ta ƙarshe kuma a ja ta kamar ta cikin late. Sunan aikin, insinuation, gaɓa biyar ce, kuma nauyin yana komawa ta huɗu: in-sin-yu-E-shan. A kula kada baki ya zame zuwa insulate, wadda ke nufin naɗe waya ko rufe abu don kada wuta ko zafi ya ratsa, ko incinerate, wato ƙonewa ƙurmus. Na sha ganin su a takardar jarrabawa an musanya.

Yaya ake gina jimla da ita?

Hanya mafi yawa ita ce a bi ta da that, sannan cikakkiyar magana: She insinuated that the result was bought. Ana iya bin ta da suna kai tsaye, kamar The report insinuates corruption, ko a tambaya, What are you insinuating?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa mutum a gabanta, a ce He insinuated me, don a Hausa muna cewa "ya yi mini habaici". Turanci ba ya karɓar haka. Abin da aka faɗa ne ke bin kalmar, ba wanda aka faɗa wa ba. In lalle kana son ambaton mutumin, sai ka koma ga sunan aikin: He made insinuations about me. Haka kuma ba ta buƙatar at ko to a bayanta yadda hint da allude ke buƙata.

Ina bambancinta da imply, hint da suggest?

Dukansu magana ce a kaikaice, amma zafinsu ba ɗaya ba ne.

Suggest ita ce mafi sanyi, ba ta ɗaukar gefe. Hint alama ce da ake bayarwa don a gane, sau da yawa don taimako ko don jin kunya. Yarinyar da ke ta yabon wani yadi a gaban mahaifinta ana saura mako biyu salla, hint take yi. Malamin da ya ce a ƙara duba babi na uku kafin jarrabawa, shi ma haka. Ana cewa hint at abu, ko hint that.

Imply ita ce aka fi rikitawa da insinuate, kuma akwai dalili, domin a rigima duk biyun suna shiga: Are you implying that I am a thief? daidai ne. Amma imply tana da faɗi. Tana iya ɗaukar alheri, tana iya ɗaukar abin da ba mutum ne ya faɗe shi ba. Hadari ya haɗu a gabas, wannan implies ruwa na tafe. Shirun budurwa a wurin neman yardarta implies amincewa. Hadari ba shi da mugun nufi, don haka ba ya insinuate. In kana shakka a rubutun ofis, ɗauki imply ko suggest. Ba za su jawo maka abin da akawun nan ya jawo wa kansa ba.

To infer fa? Ina jin ana musanya ta da imply.

Ana yi, har Turawan ma suna yi, amma masu gyaran jarrabawa ba sa yafewa. Mai magana shi ke imply, mai sauraro shi ke infer. Ɗaya ya jefa, ɗaya ya cafe. Infer ita ce "na fahimci cewa", "na ɗauka daga maganarka cewa". A tambayoyin fahimtar rubutu in aka ce What can be inferred from the passage? ana nufin ka fito da abin da marubucin bai rubuta ba amma maganarsa ta kai ka can.

Allude ma ai magana ce a kaikaice, ko?

E, amma aikinta dabam. Allude ita ce ka taɓo wani abu da kai da mai sauraro kuka sani, ba tare da ka kira sunansa ba. Dattijo ya ce "tun shekarar nan da aka sha wuya", kowa ya gane wace shekara. Babu zargi a ciki dole. Kullum da to take tafiya: He alluded to the quarrel. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin wasa, kamar a ce ka yi wasa da batu ka wuce. Kada a haɗa ta da elude, wadda ke nufin kuɓucewa, ko a haɗa allusion da illusion, wato gizo da ido ke yi.

A jaridun Najeriya za ka ga an rubuta allude inda mutum ya fito ƙarara ya faɗi abu. Wannan sakaci ne. In ya faɗa ƙeƙe-da-ƙeƙe, said ta isa.

Na ga ana rubuta "I wish to intimate you". Tana cikin dangin?

Tana ciki, kuma labarinta ya fi ba ni sha'awa. A Turancin Ingila intimate a matsayin aikatau tana nufin ka nuna alama cikin dabara: He intimated that he might resign, wato ya ɗan nuna kamar zai ajiye aiki. A ofisoshin Najeriya kuwa ta koma "sanarwa" tsagwaronta, har ana sa mutum a gabanta, intimate the chairman of the development. Cikin gida kowa ya gane, ni ma ba na ɗaga murya a kai. Amma in takardar za ta fita waje, ko jarrabawa ce, rubuta inform.

Daga ina insinuate ta samo asali?

Daga Latin, insinuare, ta shiga Turanci a ƙarni na 16. In tana nufin ciki, sinus kuma lanƙwasa ce ko ninki, musamman ninkin mayafin Rumawa a ƙirji inda suke soke kuɗi da ƙananan kaya. Ma'anar farko ke nan: a zura abu ta hanya mai lanƙwasa, a soke shi cikin ninki ba tare da an lura ba. Da ka san wannan, kalmar ba za ta sake ɓace maka ba. Magana ce da aka soke a cikin ninkin wata magana.

Ga wani ƙarin da yara masu lissafi ke so. Sine ɗin da ke wahalar da su tare da cosine daga wannan sinus ɗin take. Masana lissafi na Larabawa sun aro kalma daga Indiya, rubutunta ya yi kama da jaib, wato wuyan riga ko aljihu, sai masu fassara zuwa Latin suka sa sinus. Jaib ɗin nan kuwa, da al a gabanta, ita ce ta zama aljihu a bakinmu. Duniya ƙarama ce.

Na karanta "he insinuated himself into the family". Habaici ya yi wa kansa?

A'a. Wannan ita ce ma'ana ta biyu, kuma ta fi kusa da asalin. Insinuate oneself into wuri shi ne mutum ya lallaɓa ya shige, a hankali, da daɗin baki da 'yan hidimomi, har ya samu gindin zama. Mun san irinsa. Yau ya kawo gaisuwa, gobe ya riƙe wa Alhaji jaka, jibi shi ke raka yara makaranta, kafin shekara ta zagayo sai ta hannunsa ake ganin maigida. Ba cusa kai na gaggawa ba ne, wanda ake kora nan take. Shiga ce irin ta gara. Ita ma ba yabo ba ce.

Ina ruwan insinuation da innuendo?

'Yan uwa ne na kusa. Innuendo suna ne kawai, ba a mai da shi aikatau. Daga Latin yake shi ma, daga kalmar da ke nufin kaɗa kai don nuna wani, kusan abin da muke kira zunɗe. A maganar yau da kullum ya fi karkata ga shaguɓe mai ɗauke da batsa. A bakin lauyoyi kuwa kalmar aiki ce: ma'anar ɓoye da ke cikin magana, wadda a shari'ar ɓata suna mai ƙara zai nuna wa kotu cewa masu sauraro sun gane.

Wato ana iya kai mutum kotu a kan habaici?

Sarai kuwa. "Ai ban kama suna ba" da "ai tambaya kawai na yi" ba su cika fid da mutum ba. Shari'u biyu daga Ingila sun isa misali.

Ta farko ta kai har Majalisar Dattawan Ingila, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, a 1931. Cyril Tolley shahararren ɗan wasan golf ne da ba ya karɓar kuɗi don wasa, abin da a zamanin ake ɗauka mutunci ne babba. Kamfanin cakulan na Fry ya buga talla da zanensa, cakulan na leƙowa daga aljihunsa, ba tare da izninsa ba. Babu kalmar zagi ko ɗaya a tallar, yabo ma aka yi. Amma Tolley ya ce duk wanda ya gani zai ɗauka an biya shi, ya sayar da matsayinsa. Kotu ta yarda tallar tana iya ɗaukar wannan ma'ana ta ɓata suna.

Ta biyu ta zamaninmu ce. A Nuwamban 2012 BBC ta watsa rahoto yana zargin wani babban ɗan siyasa na jam'iyyar 'yan mazan jiya da lalata yara, ba ta faɗi sunansa ba. Jita-jita ta cika intanet cewa Lord McAlpine ake nufi. Sally Bercow, matar kakakin majalisar wakilai na lokacin, ta rubuta a Twitter: Why is Lord McAlpine trending? wato me ya sa ake ta maganarsa, ta ƙara da kalmomi biyu, innocent face, wato "ni dai ban san komai ba". Zargin ya tabbata ƙarya ne. McAlpine ya kai ƙara, kuma a Mayun 2013 babbar kotu a Landan ta yanke cewa rubutun ɓata suna ne. Bercow ta ce tambaya ce kawai, alƙali ya ce mai karatu na gari zai gane waɗannan kalmomi biyu na ƙarshe ba da gaske aka yi su ba, nuni ne. Ta ba da haƙuri, ta biya diyya. Masu ɗora habaici a status na WhatsApp, ga ku ga ta.

Malamanmu na addini sun san wannan bambanci?

Tun kafin Turanci ya zo mana. Suna kiransa ta'arili, kishiyar fitowa fili. Kuma sun ga fuska biyu gare shi, kamar yadda hint da insinuate suke. A Suratul Baƙara, aya ta 235, an halatta wa namiji ya nuna wa matar da ke takaba alamar yana da ra'ayin aure, ba tare da ya ƙulla magana ba. Wannan hint ne mai tsabta. A ɗaya gefen, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi wa wani ƙazafin zina ta hanyar shaguɓen da kowa ya gane, kamar a tsakiyar faɗa ya ce "ni dai ba mazinaci ba ne", ana ɗaukarsa kamar ya faɗa kai tsaye. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin nan.

Me ya sa 'yan siyasa ke son kalmar a jarida?

Domin tana kashe zargi kafin a duba shi. In kakakin gwamna ya ce yana watsi da insinuations in some quarters, ya yi aiki biyu da kalma ɗaya: ya musanta, kuma ya nuna masu maganar matsorata ne marasa hujja. Wani lokaci kuwa masu zargin sun fito da suna da takardu a gaban 'yan jarida. Wannan allegation ne ko accusation, ba insinuation ba. Masu fassara labarai su lura da wannan, kada su ɗauki kalmar kakaki su mai da ita hukuncinsu. "Abin da ya kira shaguɓe" ya fi adalci.

In wani ya taso mini da "What are you insinuating?" me zan ce?

Ka fara sanin cewa ba tambaya ba ce, ransa ya ɓaci. Daidai take da "me kake nufi?" da aka faɗa ana zare ido. In ba ka nufi komai ba, ka ce I wasn't insinuating anything, I only asked, ka sake faɗin maganarka a miƙe. Wani lokaci shi ne ya tsargu, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma wannan ba laifinka ba ne. In kuwa ka nufa, to ka zaɓa: ko ka janye, ko ka ce I'm not insinuating, I'm telling you, sannan ka faɗi abin da sunansa. Wannan jimla ta biyu ɗalibaina na yamma sun fi haddace ta da sauri, musamman waɗanda ke zama a kwamitin kuɗi.